Gwajin HLA-B27 a Sabon Gari: ɗibar jini da kyau, takardar sakamako da sauran gyara

Akwai wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Sabon Garin Zariya da ke karɓar jini don gwajin HLA-B27, gwajin da ke taimaka wa likita gano wani ciwon kumburin ƙashin baya. Ba a wurin ake yin gwajin ba, Legas suke aikawa, kuma tun kafin mutum ya biya suke gaya masa haka. Wannan abin a yaba ne.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da furotin HLA a bayanta, aikinsa kamar faifan 'yar talla. Ƙwayar kan yayyanka furotin na cikinta gutsi-gutsi, masu amino asid (tubalan ginin furotin) 8 zuwa 10, ta ɗora a kan HLA, sojojin jiki da ake kira ƙwayoyin T su zo dubawa. In guntun na cuta ne su hallaka ƙwayar, in na gida ne su wuce. Idan tantancewar ta lalace sai garkuwar jiki ta juya kan mai ita. B27 nau'i ɗaya ne na HLA, gadonsa ake yi a kuromosom na 6, kuma tun 1973 aka gano alaƙarsa da ankilosin sifondilaitis, kumburin da ke sandarar da ƙashin baya.

Wajen ɗibar jini sun san aikinsu. Mil 3 zuwa 5 suke ɗiba a kwalba mai shunayyar murfi da ke da EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ba mai koren murfi ba, domin hefarin, sinadarin da ke cikin mai koren, na hana PCR aiki. PCR ita ce hanyar da suke bi, wadda ke neman B27 a cikin ƙwayoyin gado (DNA). Zaɓen PCR ɗin ma daidai ne da zafin garin nan da nisan hanya. Ɗaya hanyar, fulo saitometiri, mai neman furotin ɗin a bayan ƙwayoyin jini, sai da ƙwayoyi masu rai cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma takan ɗauki B7, wani nau'in HLA mai kama da shi, a matsayin B27. Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, sakamakon ba ya canzawa.

Inda suka gaza shi ne takardar: akwai ko babu, shi ke nan. A Turai kusan tara cikin goma na masu ciwon suna da B27, amma a Afirka ta Yamma B27 bai yawaita ba, alaƙar kuma ba ta kai haka ƙarfi ba. Saboda haka "babu" bai wanke mutum ba, "akwai" kuma ba hukunci ba ne, don galibin masu B27 ba sa taɓa kamuwa. Ya kamata a rubuta wannan a ƙasan takardar.

Suna kuma karɓar kowa ba takardar likita, abin da ke damun mu ƙwarai. Wanda gwajin zai amfana shi ne wanda ciwon bayansa ya fara kafin shekara 45, ya haura wata uku, yana tashi da safe a sandare fiye da minti 30, motsi na sassauta masa, kwanciya ba ta yi. Shi ma a haɗa masa da ESR da CRP, gwaje-gwajen jini masu nuna kumburi, da hoton gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙugu. In da zazzaɓi, rama ko gumin dare, a fara neman tarin fuka na ƙashin baya a asibitin koyarwa na Shika kafin a kashe kuɗi a kan B27.