Sharhi a kan VLC: kafin ka ce bidiyo ya mutu

Shagona ƙarami ne, nan kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Buga takardu muke yi, da hotokofi, da tura wa mutane abubuwa daga waya zuwa filashi ko daga filashi zuwa waya. A duk koke-koken da ake kawo mini, babu wanda ya kai "bidiyo ya ƙi buɗewa" yawa: na biki, na suna, na wa'azi, darussan da ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke saukewa, har da na kaya da ƴan kasuwa ke karɓa daga Kano kafin su tura kuɗi. Na daɗe ina wannan aiki da manhajar kallon bidiyo ta VLC, kuma a ganina duk mai kwamfuta ya kamata ya sa ta. Sai dai ba kowane bidiyo take buɗewa ba, kuma gara mutum ya san inda iyakarta take tun kafin ya ɗora mata duk fatansa.

Abin da ya fi damuna a harkar nan shi ne saurin gogewa. Da zarar fuskar kwamfuta ta yi baƙi, ko wani saƙo ya fito da Faransanci cewa ba a iya karanta fayil ɗin ba, sai yaron gida ya yanke hukunci: "Ya lalace." A goge don a samu wuri. Alhali yawancin waɗanda ake kawo mini lafiyarsu ƙalau, manhajar da ke cikin kwamfutar ce ba ta san yadda za ta karanta su ba.

Wata Hajiya daga unguwar Zariya ta taɓa zuwa da ɗanta, da filashi a ƙulle a bakin mayafi. Bidiyon ɗaurin auren ƴarta ne, wani ɗan'uwansu ya ɗauka da iPhone. A kwamfutar gida murya kawai ake ji, hoto babu. Ta ce da ni, "Ɗana, don Allah ka duba mini. Maigidana yana ciki, kuma Allah Ya yi masa rasuwa bayan bikin. Wannan yaron ya ce a haƙura a goge." Na ce, "Hajiya, ku zauna tukuna." Na ja fayil ɗin na sake shi a kan VLC, hoto da murya suka fito tare. Ta kalla har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a kwafa mata a wuri biyu. Irin wannan ne ya sa ba na ɗaukar maganar nan da wasa.

Me ya hana wancan bidiyo buɗewa a gida? Tun daga 2017 wayoyin iPhone suke ɗaukar bidiyo da tsarin matsewa mai suna HEVC, wanda ake kuma kira H.265, sai in mai wayar ya shiga saiti ya canza. Tsarin yana rage girman fayil sosai ba tare da hoto ya dushe ba, shi ya sa wayoyi da yawa na Android ma suka ɗauke shi. Amma Windows ba kullum take zuwa da abin karanta shi ba. A shagon Microsoft na intanet ana sayar da shi daban, kusan dalar Amurka ɗaya, kuma biyan kuɗi ta intanet ba abu ne mai sauƙi ga kowa a nan ba. Ita VLC da kayan karatunta take zuwa a jikinta. Ba ta jiran Windows ta ba ta komai. Wannan shi ne babban ƙarfinta, kuma saboda shi take buɗe H.264 na 2003 da kowa ya sani, da H.265 na 2013, da AV1 da ya fito a 2018, da tsofaffin tsare-tsaren da aka manta da su.

A nan ne mutane ke ruɗewa, har da wasu masu gyaran waya. Haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, wato .mp4, .mkv, .avi, .mov, .3gp, mu a shago wutsiya muke ce musu. Wutsiya buhu take nunawa, ba hatsin da ke ciki ba. Buhu biyu iri ɗaya, ɗaya gero ɗaya dawa; haka fayil biyu duka .mp4, ɗaya ya buɗe a talabijin ɗinka ɗaya ya ƙi, domin kodek ɗin da ke cikinsu, wato tsarin matsewar, ya bambanta. In ka rubuta "gero" a buhun dawa, dawa ce dai a ciki. Saboda haka masu sauya .mkv su mayar da shi .mp4 da hannu suna cewa sun gyara, babu abin da suka canza sai suna. Wuri ɗaya ne na ga gyara suna yana da amfani: idan fayil ya zo babu wutsiya kwata-kwata, Windows ta rasa wace manhaja za ta kira. Ko a nan ma, ka ja shi ka saka a VLC ya fi, domin ita cikin fayil take dubawa. Idan ya buɗe, danna Ctrl da J tare, za ta nuna maka kodek ɗin hoto da na murya da girman hoton. Wannan ɗan taga shi ne na fi buɗewa a duk manhajar, saboda daga nan nake sanin ko talabijin ɗin mutum zai ɗauki bidiyon ko sai an juya shi.

Wutsiyar nan kuwa, Windows ɓoye ta take yi in ba ka ce ta nuna ba. Kwamfutocinmu yawanci da Faransanci suke zuwa: a Windows 10 ka buɗe kowace folda, ka shiga Affichage, ka sa alama a Extensions de noms de fichiers. A Windows 7 kuma cikin Options des dossiers yake, ka cire alamar layin da ya fara da Masquer les extensions. Ina roƙon kowa ya yi wannan yau, ko da ba shi da matsalar bidiyo. Filashin da ke yawo daga shago zuwa shago, daga lakwal zuwa ofis, su ne ke ɗauko ƙwayar cutar kwamfuta. Za ka ga abu mai suna "biki.mp4", amma da ka bayyana wutsiya sai ka tarar "biki.mp4.exe" ne, wato manhaja ba bidiyo ba, ko kuwa gajeriyar hanya ce mai ɗan kibiya a jikin hotonta, girmanta bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Bidiyon biki ba ya zama kilobait biyu. Irin wannan kada a danna shi sam. Sau da yawa ainihin bidiyon yana nan a filashin, cutar ce ta ɓoye shi ta ajiye na ƙarya a gurbinsa, kuma ana iya fito da shi.

Game da masu VLC: ɗalibai ne suka fara ta a 1996 a makarantar École Centrale ta birnin Paris, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, yanzu ƙungiyar VideoLAN ce ke riƙe da ita, ƙungiyar da ba ta neman riba. Babu talla a cikinta, babu "biya ka ci gaba", ba ta neman ka buɗe asusu. Girmanta wajen mega 40 ne, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa unguwa ta filashi, kuma bayan an sa ta ba ta buƙatar intanet. Jerin 3.0 da ya fara fitowa a 2018 yana aiki har a tsohuwar Windows 7, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da yawancin kwamfutoci na hannu ne. Tambarinta wannan mazugin mai ruwan lemo ne da ake jerawa a titi in ana gyaran hanya. A sauke ta daga videolan.org kawai, akwai shafuka masu kwaikwayon sunanta suna haɗa ta da tarkace.

Tana buɗe tsofaffin faifai ma. Masu ajiye VCD na bikin iyayensu, fayil ɗin .DAT da ke cikin MPEGAV bidiyo ne, haka .VOB na DVD. In faifan bai karce sosai ba, a kwafe su cikin kwamfuta tun yana karantuwa. Idan kuma murya ta riga baki ko ta makara, maɓallan J da K suna matsar da ita gaba ko baya da milisakan 50 a kowace dannawa. Ga wa'azin da aka ɗauka daga nesa, tana ɗaga murya har kashi 125 cikin ɗari, ko da yake a can sama ƙananan lasifikoki kan fara rawa.

To, ga inda ba ta da abin yi, kuma ba laifinta ba ne. Bidiyon da bai gama sauka ba, mai wutsiyar .crdownload ko .part, rabin abu ne; a koma a ƙarasa sauke shi. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, ko da akwai sauran wuri a cikinsa, don haka dogon bidiyon biki sai an mayar da filashin exFAT, bayan an kwashe abin da ke ciki domin mayarwar tana share komai. Akwai kuma filashi da katin memori na jabu, an rubuta giga 64 a jiki amma cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai nuna maka ya karɓi komai, sunaye su jeru daidai da girmansu, amma abin da ya wuce ainihin ƙarfinsa ya tafi. Wannan shi ne mafi ciwo, domin mutum kan goge na wayarsa yana ganin ya adana. Duk wanda ya kwafi abu mai muhimmanci ya cire filashin, ya sake sawa, ya buɗe bidiyon ya ja shi har ƙarshe, sannan ya yi tunanin goge na asali.

Sai bidiyon da batir ya mutu ana cikin ɗaukarsa. Fayil ɗin .mp4 yana da wani jadawali da ke faɗin inda kowane hoto da kowace murya suke, kuma wayoyi da kyamarori da yawa sai an danna tsayawa suke rubuta shi. In wuta ta yanke kafin nan, hotunan suna ciki amma babu mai nuna hanyarsu. VLC takan iya da .avi da jadawalinsa ya karye, ta tambaye ka ko ta gina shi na ɗan lokaci, amma ga .mp4 irin wannan ba ta iyawa. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna untrunc da ke gwada ceto shi, sai dai tana buƙatar wani lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da waya ɗaya da saiti ɗaya. Wani lokaci ta yi nasara, wani lokaci a'a. Shi ya sa ko a nan ma nake ce wa mutum ya ajiye fayil ɗin, ya kawo wayar da ta ɗauka.

Tsohuwar kwamfuta ma tana da nata. VLC za ta buɗe HEVC, amma in injin ya girmi tsarin, musamman na Intel da suka fito kafin 2015, bidiyon 4K zai riƙa tsayawa yana tsalle, fanka tana kuka, a zafin watan Afrilu ma abin ya fi muni. Idan hoto ya zo kore ko a farfashe, shiga Outils, Préférences, Entrée / Codecs, ka kashe décodage matériel ka sake gwadawa. In dama a kashe yake, kunna shi. Saitunan VLC suna da yawa ƙwarai, sabon shiga zai iya ɓacewa a ciki, don haka shawarata a taɓa wannan ɗaya a bar sauran.

In hakan bai yi ba, sai juyawa ta gaskiya, ba ta suna ba. VLC tana da wurin juya bidiyo a ƙarƙashin Média, amma ni a wannan aikin na fi son HandBrake, ita ma kyauta ce kuma don shi kaɗai aka yi ta. Na kan zaɓi Fast 720p30, ta fitar da .mp4 mai H.264, wanda kusan kowane talabijin mai ramin filashi da ƙananan wayoyi ke karantawa. A tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar lokaci, don haka a fara da batir cike saboda ɗaukewar wuta, kuma a ba sabon fayil ɗin wani suna daban don kada ya hau kan na asali.