Na Cracker Jack ko Big Little Books? Ga wanda za ki saya

Malama, kin tambaya wanne za ki saya tsakanin tsofaffin ƙananan littattafan Cracker Jack da Big Little Books. Tunda zanen barkwanci kike bi, sayi na Cracker Jack.

Cracker Jack gugguru ne mai zaƙi da gyaɗa a ciki, ɗan Chicago ta Amurka, kuma a 1912 aka fara jefa 'yar kyauta a kowane kwali. Cikin kyaututtukan akwai 'yan littattafan barkwanci da kacici-kacici, girmansu kamar kwalin ashana, shafuka 'yan kaɗan. Ƙanƙantar ce ta gyara zanen. Mai zane ba shi da fili, dole da layi biyar ko shida ya fitar da fuska, ido a zazzare, baki a wangale, kuma yaro ya gane abin dariyar kafin ya karanta rubutun. Launi ma ba a yawaita shi, saboda kowane launi bugu ne daban, kuɗi ne daban. Wani lokaci jan ya ɗan zame ya fita daga layin baƙin, hular mutum ta leƙo gefe. Wannan ba lalacewa ba ce, haka ya fito daga injin, kuma ni a wurina nan ne daɗin kallonsu yake. Wani abu kuma: yawancin barkwancin wasa ne da kalmomin Turanci, in an juya shi zuwa Hausa sai ya mutu. Hoton ne ke sa yaranmu dariya, don haka ki zaɓi wanda kowane shafi da zanensa.

Big Little Books kuwa, kamfanin Whitman na garin Racine a jihar Wisconsin ya fara su a 1932, ana sayarwa senti 10. Tsayi inci 4 da rabi, kauri kusan inci 1 da rabi, rubutu a hagu, hoto a dama. Bangon yana da kyau, ban hana shi ba. Amma yawanci ciki baƙi da fari ne, da yawa daga zanen jarida aka ɗebo, kuma labari ne dogo, ba barkwanci ba. Masu tara ƙananan littattafai a Amurka ma ba sa ƙirga abin da ya wuce inci 3. Ga ƙeyar littafin tana tsagewa, ga yara sun sha cike hotunan da kala.

Yanzu batun masu sayarwa, don a nan ake cutar mutane. Abu ƙarami mai shafi kaɗan ba shi da wuyar kwaikwayo: a ɗauki hotonsa, a buga a firinta, a jiƙa shi da ruwan shayi ya yi kamar ya tsufa. Kada ki biya sai an turo miki hoton kowane shafi da bayan littafin, da rula a gefe. In ya zo hannu, sa gilashin ƙara girma mai ninki 10. Tsohon bugu, ko launi ne shimfiɗe sumul ko ɗige-ɗige a jere cikin tsari. Na firintar gida kamar an watsa yashi. Tsohuwar takarda daga gefe take fara yin ja ta shigo ciki, ta shayi kuwa tabo-tabo take yi, har ta ɗan kumbura. Fitilar duba jabun kuɗi ma tana aiki: takardar zamani tana ƙyalli shuɗi, ta kafin 1950 ba ta yi. Sai dai kada ki yanke hukunci da ita kaɗai a kan na shekarun 1960 da 1970, lokacin an riga an fara sa sinadarin hasken a takarda. Wanda ya ce miki yana da iri ɗaya guda 30, duka fes, ki bar masa kayansa. Haka wanda ya haɗa littattafai masu lambobi daban-daban ya ce cikakken jeri ne. Ki ƙirga lambobin da kanki.

In da waya aka ɗinke littafin, duba tsakiyarsa. Tsatsa tana cin takarda har shafin tsakiya ya faɗi, kuma shi ne aka fi rasawa. Kada ki liƙa salatef ko sau ɗaya, gam ɗinsa yana shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kowane ɗaya ki ba shi ledarsa ta foliyesta, ba mai laushin nan ta PVC ba, wadda ke manne wa tawada. A kwance cikin kwali, nesa da rana da bangon da ke jan laima da damina, nesa da ƙasa saboda gara. Na hannun yara kuma ki ɗauki hoto ki buga musu babba. Ki fara da guda 3 zuwa 5 daga hannun mutum ɗaya, ki ga gaskiyarsa kafin ki ƙara.