Na 1817 ko na Prempeh? Ɗauki na 1817

Malam, ka tambayi wane zane za ka saya. Tsakanin zanen zuwan Baturen Ingila Bowdich Kumasi, babban birnin Asante a Ghana, da na Sarkin Asante Prempeh a gaban gwamnan Turawa, ɗauki na farko kawai.

Shi nake da shi a falo. Bowdich ya zo a 1817 cikin tawagar Turawan Ingila daga Cape Coast, suka ƙulla yarjejeniyar zumunci da ciniki da Sarkin Asante Osei Bonsu, aka buga zanen a littafinsa a Landan a 1819. Ba lokacin sa hannu aka zana ba, ranar bikin doya ce, amma duk abin da ya sa Bature ya zo neman yarjejeniya yana ciki: manyan laimomi, sarakuna da jama'arsu, makaɗa, ga tutocin Ingila da Holan da Danmak kusa da sarki, su kuma Turawan suna zaune a matsayin baƙi. Ran da na rataye shi, baffana ya zo daga unguwar Aboabo ta Kumasi, ya sa tabarau ya daɗe yana bin sa da yatsa har ya kai kan masu rawani. Nan ya kira yara ya nuna musu cewa tun kafin Bature ya mallaki ƙasar nan Musulmi suna da wurin zama a fadar Kumasi. Sai dai akwai ƙoƙunan kai da masu takobi a ciki, don mai zanen ya san abin da mutanen Landan ke son gani.

Na Prempeh kuwa, zanen da kyau, iyakarsa ke nan. Janairun 1896 ne, sarki da mahaifiyarsa Yaa Akyaa sun durƙusa a ƙafafun Gwamna Maxwell, a ranar kuma aka kama su, sarki bai dawo Kumasi ba sai 1924. Wannan ba sulhu ba ne, ko da mai sayarwa ya kira shi haka.

Ka yi hattara da masu cewa nasu na asali ne. Wasu jiƙa takarda suke yi da ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa. Na asalin Bowdich dogo ne, da alamun ninki tunda a cikin littafi yake, launinsa kuma da hannu aka shafa. Samunsa a kasuwa da wuya ƙwarai. Nemi sabon bugu mai tsabta, ka biya kuɗin sabon bugu, ka sa masa gilashi saboda laimar damina.