Ƴan Damagaram ku yi hattara da mai saida wayoyin biro na intanet

Salamu alaikum ƴan uwa. Wallahi raina a ɓace nake wannan rubutu. 850.000 F, jika ɗari takwas da hamsin, wani mutum ya ci mini a kan wayoyin tebur ɗin nan masu aiki da intanet da ake ce ma VoIP, ga su can jibge a kwali cikin magaza ta Sabon Gari ba abin da suke tsinana mini.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba, shago na Kasuwar Dole da magaza da yaronmu na Maraɗi mu riƙa kiran juna ba sai ana zuba kiredi kullum ba, kuma kiliya in ya kira lamba guda a miƙa shi wurin wanda ya dace. Mutumin shi ya zo har shago da kwamfutarsa da waya biyu, ya jona, ya ce Alhaji danna 101, na danna, ɗayar ta yi ƙara a gabana, na ɗauka muka yi magana da yarona murya tas. A gabana fa! To ku gaya mini wa zai ga haka ya ce ƙarya ne? Kuma na tambaye shi, Malam za su yi aiki da kamfanin da zai ba ni layi? Ya dafa ƙirji ya ce Alhaji kowane rezo suna ɗauka, ba ruwansu. Wannan maganar ita ke ta dawo mini, kowane rezo suna ɗauka, da hannunsa a ƙirji.

Masu cewa na yi gaggawa, ban yi ba. Faktir ya ba ni da tambari, 500.000 na fara bayarwa hannu da hannu, cikon 350.000 ta Nita bayan kaya sun iso, a'a kafin su iso ne, ranar da ya ce suna hanya an riƙe su sai an biya kuɗin mota. Ko ma dai yaya 850.000 ne, kuɗin da na ware na sarin kayan azumi.

Sai da na samo wani matashi teknisiyen, Allah ya saka masa, ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ashe gwanjo ne aka goge. Shida daga ciki Cisco ne masu tsarin haɗa kira da ake ce ma SCCP, an yi su don santaral (na'urar da ke rarraba kira) ta kamfanin Cisco, alhali mai ba ni layi da wani tsarin daban, SIP, yake aiki kamar yawancin masu ba da layi, sai an sake musu manhajar ciki gaba ɗaya kuma ba kowace ke yarda cikin sauƙi ba. Huɗu kuma a kulle suke da sunan wani kamfanin waya na ƙasar waje, ko ka yi musu riset da sun ga intanet sai su je da lambarsu ta MAC, wato lambar shaidar kowace waya, su kwaso tsarin tsohon kamfanin su sake kullewa, kuma lambar sirrin admin ba mu da ita. Gwajin da mai saida wayoyin ya yi mini a shago, santaral ɗin cikin kwamfutarsa take, wayoyin juna kawai suka kira, ko ƙofar shago kiran bai fita ba. Ya sani sarai.

Na manta, tun ranar farko ma ba su kama wuta ba, babu caja ko ɗaya a kwalin, ta wayar intanet suke shan kuran, PoE, sai da na ƙara sayen suwic mai ba da wuta da kuɗina. Biyu da suka yarda suka hau layi kuma kai kana jin mutum shi ba ya jin ka, teknisiyen ɗin ya ce ruta ta 4G, akwatin da ke ba mu intanet, ita ce ke tare muryar, sai an kashe wani abu a cikinta da ake ce ma SIP ALG an daidaita da mai ba da layi, aikin da mutumin nan ya karɓi kuɗinsa ya ce yana ciki.

Da na kira shi ya ce laifin rezo ne, gobe zai zo, jibi yana Yamai, daga nan ya toshe ni a WhatsApp. Ina da saƙonnin murya, ina da faktir da rasit ɗin aike, zan sa hotunansu da zarar na fito daga komisariya, sun ce kar in fitar da suna yanzu shi ya sa na yi shiru da shi, amma wallahi 850.000 ɗina ba za ta tafi a banza ba.

In zai kawo muku, ku tambayi mai ba ku layi wace waya yake karɓa, a gwada da layinku a kira salularku, kafin ku ba da ko dala.