Gordon da Wolseley: wa ya fi iya yaƙi?

Ɗan'uwanmu ya tambaya a zauren nan ko Janar Gordon, wanda mayaƙan Mahadi suka kashe a Hartum, shi ne gwarzon janar-janar na Ingila a ƙarni na 19. Malam, in suna kake nufi, Gordon ya fi. In kuwa iya sarrafa runduna ne, abokinsa Garnet Wolseley ya yi masa nisa.

Sa'o'in juna ne. A 1833 aka haife su, a 1852 suka zama hafsoshi, kuma a Yaƙin Kirimiya suka san juna, inda Wolseley ya rasa ganin ido ɗaya.

Gordon injiniyan soja ne, kuma a hidimar sarakunan wasu ƙasashe ya yi suna. Tsakanin 1863 da 1864 ya jagoranci wata rundunar 'yan ƙasar Sin wajen murƙushe tawayen Taiping, yana shiga fagen fama da 'yar sanda kawai a hannu. A 1874 ya koma yi wa Isma'il, mai mulkin Masar, aiki, har ya zama gwamnan Sudan a 1877. Jarumi ne, ba musu, sai dai ba ya jin maganar na sama.

Shi kuwa Wolseley mutumin lissafi ne, kuma yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yanzu, ya nuna haka. Ya san zazzaɓi ya fi bindigar Asantawa kashe Bature, don haka bai sauke sojojin Ingila ba sai da aka gyara hanya daga Cape Coast zuwa Kogin Pra, aka yi gada, aka kafa zango-zango. Ranar 31 ga Janairun 1874 aka gwabza a Amoaful, ranar 4 ga Fabrairu ya shiga Kumasi, ya sa mata wuta, ya juya kafin ruwan sama ya tare shi. A nan ma akwai hannun namu: Kyaftin Glover ya biyo ta ɓangaren Kogin Volta da sojojin Hausawa da ya taho da su daga Legas. Ƙone garin mutane dai ba abin yabo ba ne, ƙwarewar nake auna maka. A 1882 kuma ya yi tafiyar dare, ya auka wa rundunar Ahmad Urabi, jagoran sojojin Masar, a Tel el-Kebir da asuba, kafin hantsi an gama. Gordon bai taɓa jan babbar rundunar Ingila a irin wannan fage ba.

Hartum ce ta sake haɗa su. An tura Gordon ya kwashe sojojin Masar da farar hula, ya isa a Fabrairun 1884, sai ya zauna yana neman riƙe garin har Mahadi ya kewaye shi. Gwamnatin Gladstone, firaministan Ingila, ta yi ta jan ƙafa, sai a watan Agusta ta amince a kai ɗauki, aka ba Wolseley aikin. A nan lissafinsa ya ci shi. Maimakon gajeriyar hanyar Sawakin, da ke bakin Bahar Maliya, zuwa Barbar, ya nace sai ta Kogin Nilu, domin kwale-kwale ya taɓa yi masa rana a Kanada a 1870. Har matuƙa kwale-kwale kusan 400 ya sa aka kawo daga can. Jiragen farko sun iso ranar 28 ga Janairun 1885, kwana biyu bayan garin ya faɗi an kashe Gordon.

Wannan mutuwa ce ta ɗaga Gordon, aka yi masa gumaka, aka sa wa kwalejin Hartum sunansa. Wolseley kuwa bai sake jan runduna a fagen yaƙi ba, amma a 1895 shi aka ba shugabancin sojojin Ingila baki ɗaya, ya riƙe har 1900.