Wasiƙa daga Mainz: Yadda Na Samu Sana'ar Ɗab'i a Jamus

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da yaran shago baki ɗaya. A saƙonka na baya ka ce in duba maka injin ɗab'i na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, mai launi huɗu, in kuma gaya maka gaskiyar yadda sana'armu take a nan Jamus. Na jinkirta amsa ne har sai da na kammala aikin ƙarshen zango da aka ba mu a sashen zayyana, domin aikin ya kai ni maɗaba'u daban-daban, kuma na fi son in ba ka labarin abin da na taɓa da hannuna.

An ce kowane ɗalibi ya tsara ɗan littafi, ya buga shi ta hanyoyi uku, sannan ya rubuta bayani a kan kuɗin da kowace hanya ta ci, da lokacin da ta ɗauka, da kyan aikinta. Ni na zaɓi karin maganar Hausa, shafi 16, girman A5, wato daidai abin da takarda guda mai santimita 50 da 70 take ɗauka, takwas gaba takwas baya, a ninka ta sau uku kamar yadda ka koya mini tun ina firamare.

Hanya ta farko ita ce ta jera haruffan dalma da hannu. A wannan gari na Mainz ne Johannes Gutenberg ya ƙirƙiro ta wajajen 1450, ya buga Baibul ɗinsa wajajen 1455, kimanin kwafi 180, kuma gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa yana ajiye da guda biyu daga cikinsu. Na shiga ɗakin haruffa na makaranta da ɗoki, amma ban yi layi biyu ba na tsaya cik, domin akwatunan cike suke da haruffan Jamusanci masu ɗigo biyu a ka, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Malamin ɗakin ya ce in bar ƙugiyar mana, tunda ƙaramin abu ce. Sai na rubuta masa "kafa" da "ƙafa", da "dari" da "ɗari", na faɗa masa ma'anar kowanne, nan take ya janye maganarsa. Ƙarshenta dai sai da muka yi farantin roba mai tudu, muka buga da shi a maimakon dalma. Abin ya sa na ƙara girmama mutanen Zariya waɗanda suka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, suka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a zamanin da kowane harafi sai an zubo shi da ƙarfe. Abin mamaki kuma, tsohon injin Heidelberg ɗin nan mai hannu kamar fanka, wanda kake buga lambar rasit da shi a lungun shago, a nan kayan alfarma ne. Da irinsa ake buga katin biki a kan takardar auduga mai kauri, kuma masu hali ne kawai suke iya biyan kuɗin aikinsa.

Hanya ta biyu ita ce ofset, wato bugun da tawada ke tashi daga faranti zuwa roba sannan ta hau takarda, kuma a nan nake so in daɗe, tunda ita ce abincinmu. Asalinta ma daga ƙasar nan yake, daga bugun dutse da Alois Senefelder ya gano a Munich wajajen 1796, bisa abin da kowace mai girki ta sani, cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa. Injinan da na gani 'yan gida ɗaya ne da namu, na kamfanin Heidelberg da aka kafa a 1850, da na Koenig & Bauer da ke Würzburg tun 1817. Injinka Kord 64 launi ɗaya yake bugawa, sai an wanke rola an mayar da takarda sau huɗu kafin hoto ya cika, su kuwa nasu takarda tana shiga fara ta fito da launi huɗu a tafiya ɗaya, faranti kuma yana fitowa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da fim ba. Wannan duk ka san shi, kuma manyan maɗaba'un Legas da Abuja da Kano suna da irinsa.

Abin da ban taɓa gani a gida ba shi ne yadda ba a yarda da ido. Kowace takarda tana fitowa da wani siririn layi na ƙananan murabba'ai masu launi a bakinta, mai injin ya ɗora na'urar awo a kai, ta ba shi kaurin tawada da lamba, ya kwatanta da ƙa'idar da ake kira ISO 12647. Saboda haka jan da aka buga a Hamburg a watan jiya shi ne jan da za a buga a Munich a watan gobe. Mu kuwa ka san rigimar da muke sha lokacin fostar siyasa, inda koren dubun farko da na dubu na biyar ba su san juna ba, mai aiki ya zo yana kumfar baki, kai kuma ba ka da hujjar da za ka nuna masa sai rantsuwa.

Amma ƙa'idar nan tana da wuƙa a bayanta, kuma ta yanke ni. Na so bangon littafin ya zama shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, na tsara shi a kwamfuta da launukan allo, na manta ban juya shi zuwa launuka huɗu na tawada ba. Na aika wa wata maɗaba'a ta intanet, na danna wurin da ke cewa na duba na amince, bayan kwana huɗu kwali ya iso, bango ya fito wani dusasshen shunayya. Da na rubuta musu, cikin ladabi suka amsa cewa abin da na aiko shi suka buga, in ina son wani sai in sake biya. Da a shagonka ne, da yaronka ya ga launin ya kira ni a waya kafin a ɓata takarda goma, ko kai da kanka ka ce, "Wannan shuɗin ba zai fito yadda kake zato ba." Irin wannan kulawa a nan sayar da ita ake yi, har da sunanta a jerin farashi, kuɗin duba fayil.

Dalilin haka shi ne babban bambancin da na gano tsakaninmu da su. A Jamus aikin inji araha ne, hannun mutum kuwa tsada gare shi, alhali a gida inji da takarda ne suke cinye riba, hannu yana nan birjik. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya a 2025 shi ne yuro 12.82 a awa guda. Shi ya sa kamfanoni irin su Flyeralarm da Saxoprint suke tara ƙananan ayyukan mutane masu yawa a kan babban faranti ɗaya, a buga su tare a yanka, kowa ya biya ɗan yankin da ya ci, har katin kasuwanci da takardar talla su zo da arahar da za ta ba ka mamaki. Da zarar ka nemi ɗinkin zare da hannu, ko wani girma da ba ya cikin jerinsu, ko ka ce gobe da safe kake so, sai farashin ya yi tsalle. Maganar bashi ko ragi kuwa ba ta ma taso ba.

Hanya ta uku, ta dijital, ba ta da dogon labari. Ba faranti, ba wanke rola, kwafi ashirin ɗina sun fito cikin rabin awa, kuma ita ce mafi sauƙi in adadin kaɗan ne. Akwai ma kamfanonin da ke buga littafi kwafi ɗaya tak duk sanda aka saya, abin da zai taimaki marubutanmu da ke tara dubu uku a ɗaki gara tana ci.

Takarda ta cancanci a tsaya a kanta. Girman A4 da muke amfani da shi, milimita 210 da 297, ƙa'idar Jamus ce da aka fitar a 1922. Dilan takarda a nan yana rubuta maka nauyinta da kuma inda zarenta ya kwanta a jikin kowane ƙunshi, domin idan zaren bai bi tsayin ƙashin bayan littafi ba, shafuka ba sa kwanciya, bango kuma ya yi ta gantsarewa. Yanzu na gane abin da ya sami littattafan Islamiyyar nan da aka dawo maka da su shekarun baya, muka ɗora wa gam laifi. Suna kuma kula da laimar ɗakin inji, a riƙe ta wajen kashi 50 cikin ɗari, a bar takarda ta kwana a ɗakin kafin a buɗe ta. Ka tuna yadda take nannaɗewa tana manne wa juna da hunturu, da damina kuma ta kumbura launi ya ƙi hawa kan launi? Inji ba shi da laifi a nan. Su takardarsu a ƙasarsu ake yin mai yawa, har daga tsofaffin jaridu da kwalayen da kowane gida yake warewa a mazubi na musamman, mu kuwa masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa wadatar da mu, shi ya sa rim yake tashi duk sanda dala ta motsa. Wuta ban taɓa ganin an ɗauke ta ba, ban kuma ga janareto a maɗaba'a ko ɗaya ba, sai dai kuɗinta yana cikin mafi tsada a Turai, kuma masu shago suna kuka da shi kamar yadda kake kuka da kuɗin gas.

Game da injin da ka ce in duba, Allah ya ƙara maka lafiya, shawarata ita ce a dakata. Na hannu suna da yawa, domin ƙananan maɗaba'u suna ta rufewa saboda gasar na intanet, amma masu launi huɗu na baya-bayan nan cike suke da allunan lantarki da ba sa jure wutar da ke hawa da sauka, kuma in ɗaya ya ƙone sai an jira shi daga waje. Injin Heidelberg GTO 52 mai launi biyu ya fi dacewa da mu, tunda makanikanmu sun san cikinsa kuma kayan gyaransa suna samuwa. Ragowar kuɗin a sayi na'urar awon tawada ta hannu, da ma'aunin laima, da fitila mai hasken rana da za a rataya a kan teburin duba aiki, a kuma zaɓi yaro ɗaya mai natsuwa a koya masa karanta lambobin. A nan ɗan koyo shekara uku yake yi, yana raba mako tsakanin shago da makaranta, ana biyansa, sannan ya zauna jarrabawa.

Na ba wani ɗan'uwa da zai zo gida hutu kwafi uku na littafin, ɗaya na kowace hanya, har da mai shunayyan bangon domin ku yi dariya. Ka shafa na farkon da yatsa za ka ji inda haruffa suka nutse. In ka sami hali, a ɗauko mini hoton ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambar Kord ɗin, da awon rolar da ta tsage, in ga ko zan samo maka ita kafin ɗan'uwan ya taso. A gaida Inna da kowa da kowa.