Tiren renon iri mai murfi: abin da na gani bayan shuka uku

Wata huɗu ke nan da na sayi tiren renon iri na roba, mai gurbi 72 da murfi garai-garai da ake hango ciki. Abin da ya kai ni saye shi ne gajiya da watsa irin tumatir a ƙasa, rabi ya fito, rabi ya yi ɓatan dabo.

Na cika gurabun da garin ɓawon kwakwa da aka haɗo da tiren, na jiƙa, na saka ƙwaya ɗaya-ɗaya. Tun a nan ya fara shiga raina, domin ƙanƙantar gurbin ba ta barin hannu ya zarce. Ƙaramin iri ba ya son zurfin da ya wuce kaurinsa sau biyu zuwa uku. Ashe da can ni nake binne su da rai, abincin da ke cikin ƙwayar ya ƙare kafin tsiron ya ga rana.

Murfin yana riƙe laima da ɗumi, kuma tumatir yana son zafi wajen digiri 25. A kwana na shida sai ga kawuna sun turo. Tattasai kuwa ya ja mini rai, sai da ya kusa mako biyu, har na fara zargin mai irin. Latas ne ya ƙi sam. Ba laifin tiren ba ne: na ajiye shi inda rana ke dukan murfin, zafin ciki ya haura digiri 30, shi kuma latas in zafi ya kai haka sai ya yi kwanciyarsa. Ga shi na rufe shi da gari, alhali irinsa yana son haske.

Inda na ji jiki shi ne bayan tsirowa. Takardar da ke cikin kwalin ba ta ce a cire murfi ba, ni ma na bar shi, ina ta yayyafi safe da yamma saboda ɗoki. Kwana uku, sai na tarar da tsirrai sun zube, gindinsu ya motse kamar zare, ya yi baƙi. Funfuna ce ta samu laima da rashin iska. Ramukan tsiyayar ruwa na ƙasan tiren ma sun yi ƙanƙanta, ruwa yana kwanciya, saiwa kuma numfashi take yi, in ta nutse ruɓewa za ta yi. Sai da na ɗumama ƙusa na faɗaɗa su. Abin da kamfani ya kamata ya yi ke nan tun farko.

Garin kwakwar ba shi da wani abincin kirki. Da ganyen gaskiya ya fito bayan biyun farko, dole a fara ba da taki tsarma-tsarma, in ba haka ba su yi rawaya.

A shuka ta uku, ina ganin tsiron farko na ɗage murfin, na kai tiren inda hasken safe ke samunsa don kada su yi tsawon banza, ruwa kuma sai na taɓa na ji saman ya fara bushewa. Na dasa 65 da ƙasarsu a dunƙule, ko ɗaya bai yi yaushi ba. Robar dai siririya ce, kusurwa ɗaya ta riga ta tsage, don haka yanzu a kan katako nake ɗaukarsa.